Baba ya ajiye maganin hawan jini, ya ce shi ke cinye masa ƙoda

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 61. Ya daɗe da hawan jini, daga baya kuma aka gano yana da ciwon suga. Ana ba shi lisinopril, da amlodipine mai lamba 10, da wata 'yar ƙwaya mai sa fitsari wadda a kwalinta aka rubuta hydrochlorothiazide, sai metformin na suga. Yau wata uku ke nan da ya ajiye na hawan jinin gaba ɗaya, na sugar ma sai ranar da ya ga dama. Ya ce wani busasshen tari ya hana shi barci, ƙafafunsa suna kumbura da yamma, sannan a gwajin ƙarshe an gaya masa ƙodarsa ta ɗan yi rauni, a takardar an rubuta eGFR 52, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda. Ya haƙiƙance magungunan ne suke cinye masa ƙoda, kuma wai idan jiki ya saba da su mutum ya zama bawansu har abada. Tunda ya bar su tarin ya tafi, kumburin ya sace, ya ce garau yake jin kansa. Abin da bai bari ba shi ne diclofenac, safe da yamma, fiye da shekara guda, saboda ciwon gwiwa. Jiya na lallaɓe shi na auna, na samu 172/98. Shin da gaske maganin hawan jini yana lalata ƙoda? Ƙanwata kuma ta kawo shawarar mu riƙa niƙa ƙwayoyin muna zuba masa a abin sha bai sani ba. Na rasa yadda zan yi.

Daga 'yarsa ta fari

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya yi muku albarka kan wannan kulawa.

Cikin ƙorafe-ƙorafen Baba guda uku, yana da gaskiya a biyu, kuma ya kamata ya ji hakan daga bakinki. Tarin nan kusan tabbas daga magani ne. Kumburin ƙafar ma da alama haka yake. Inda aka samu matsala shi ne hukuncin da ya yanke, domin duka biyun dalilai ne na a canza masa magani, kuma akwai wanda za a canza masa da shi. A maganar ƙoda kuwa ya tsare marar laifi ya sallami mai laifi. Ƙwayar da na fi zargi cikin duk abin da kika lissafa ita ce wadda yake sha safe da yamma har yau.

Mu fara da tarin. Lisinopril yana cikin dangin magungunan da sunansu ke ƙarewa da "pril", irin su captopril, enalapril, ramipril da perindopril. Aikinsu shi ne toshe wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen haɗa anjiyotensin, abin da ke matse jijiyoyin jini. To amma wannan sinadarin yana da aiki na biyu, shi ke share wani abu da ake kira biradikinin. Idan aka toshe shi sai biradikinin ya taru a hanyoyin iska, mutum ya riƙa jin ƙaiƙayi a maƙogwaro, ya yi ta tari babu majina babu kaki, ya fi tsanani idan ya kwanta. Yana samun kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan wannan dangi, kuma yana iya ɓullowa bayan watanni ana sha lafiya lau, shi ya sa da yawa ba sa danganta shi da maganin. Maganin tari ba ya yi masa komai. Sai ki ga mutum ya shanye kwalabe, an ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta sau biyu, an ɗauki hoton ƙirji, alhali amsar tana cikin ledar magungunansa. Idan an bar ƙwayar tarin kan tafi cikin mako 1 zuwa 4, wani lokaci ya kai wata 3. Daidai abin da ya faru da Baba ke nan, don haka ba shi da laifi da ya gane.

Mafitar tana da sauƙi. Akwai wani dangin da sunansa ke ƙarewa da "sartan": losartan, valsartan, telmisartan, candesartan. Na farkonsu, losartan, tun 1995 ake amfani da shi. Suna sauke jini, suna kare ƙoda kamar na farkon, amma ta wata ƙofar suke bi, ba sa tara biradikinin, saboda haka da wuya su kawo tari. Ɗaya ake sha a madadin ɗaya, ba a haɗa "pril" da "sartan" a lokaci guda. Wani abu kuma da ya kamata duk mai shan "pril" ya sani: idan leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura farat ɗaya, a tafi asibiti nan take, kuma ba a sake shan wannan dangin har abada. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya fi samun baƙar fata.

Kumburin idon sawu kuwa sanannen halin amlodipine ne. Yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da waɗanda ke dawo da shi, sai ruwa ya tsattsafo cikin nama. Da safe ƙafa lafiya, da yamma takalmi ya matse, in aka danna da yatsa ya lotsa. Ya fi yawa a mai lamba 10, kuma sau da yawa idan aka sauko zuwa 5 aka haɗa shi da "sartan" sai ya ragu ko ya tafi. Duk da haka ba na son a ɗauka kowane kumburi na amlodipine ne. Mai hawan jini da suga, idan ƙafarsa ta kumbura, dole likita ya saurari ƙirjinsa ya duba fitsarinsa, domin gazawar zuciya da ciwon ƙoda su ma da haka suke sallama. Idan akwai haki bayan ɗan tafiya kaɗan, ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa matashin kai, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura tana ciwo, to magana ta canza.

Yanzu ƙoda, wadda ita ce asalin tambayarki.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowane mataci dunƙulen siraran jijiyoyin jini ne. Su biyun suna tace ruwa kusan lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jiki, ragowar ya fita a fitsari. Abubuwa biyu ne suka fi lalata waɗannan matatai a duniya: ciwon suga da hawan jini. Baba yana da duka biyun. Sugar da ta yi yawa tana kaurara bangon matacin tana sa shi yoyo, jini mai ƙarfi kuma yana dukansa dare da rana har ya zama tabo. Matacin da ya zama tabo ba ya dawowa. Saboda haka idan mai waɗannan cututtuka biyu ya ga ƙodarsa ta yi rauni bayan shekaru yana shan magani, cutar ce ta farko a jerin waɗanda za a tuhuma. Mutane suna ganin ƙwaya a hannunsu kullum, ba sa ganin cutar, sai laifin ya faɗa kan abin da ido ke gani.

Amma jita-jitar tana da tushe, kuma gara in gaya miki shi da ki ji a wani wuri. Idan aka fara "pril" ko "sartan", suna sassauta jijiyar da jini ke fita ta cikinta daga matacin, sai matsin da ke ciki ya ragu. A gwajin jini sai a ga kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya ɗan hau, eGFR ya ɗan sauka. Likitoci sun san da wannan, kuma hawan kiriyatinin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba ana karɓarsa, domin wannan saukin matsin shi ne ainihin abin da ke tsawaita ran ƙodar. Shi ya sa ake gwada ƙoda da fotashiyam, wani sinadarin gishiri da ke cikin jini, mako 1 zuwa 2 bayan an fara maganin ko an ƙara shi. Ga mai suga da furotin ke zuba a fitsarinsa, waɗannan magungunan su ne aka fi tabbatar da suna jinkirta lalacewar ƙoda. Metformin shi ma ba ya lalata ƙoda. Ta ƙoda yake fita daga jiki, don haka idan ta yi rauni yana iya taruwa. Ana sake duba yawansa idan eGFR ya yi ƙasa da 45, a daina idan ya yi ƙasa da 30. A 52 Baba yana iya shansa.

Diclofenac kuwa labarinsa daban. Shi da 'yan'uwansa, ibuprofen, naproxen, piroxicam, suna kashe ciwo ta hanyar hana jiki haɗa furostagilandin. A gwiwa wannan abin so ne. A ƙoda kuwa furostagilandin ne ke riƙe jijiyar da jini ke shiga matacin a buɗe. Ki duba yadda abin ya kasance a jikin Baba watanni da yawa: diclofenac ya matse ƙofar shiga, lisinopril ya sassauta ƙofar fita, ƙwayar fitsari ta rage ruwan jiki. Haɗuwar waɗannan ukun sananniya ce a wajen likitoci a matsayin abin da ke iya durƙusar da ƙoda, musamman a wanda ya manyanta, musamman kuma ranar da ya yi gudawa ko zazzaɓi bai sha ruwa sosai ba. Biyu daga cikin ukun suna yi masa aikin da yake matuƙar buƙata. Diclofenac ne ya kamata ya fita, sai aka yi akasin haka.

Ba a ƙoda kawai ya tsaya ba. Wannan dangin yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa, yana ɗaga jini, yana rage ƙarfin maganin hawan jini, yana ƙara kumburin ƙafa. Yana iya huda ciki ya kawo gyambo da zubar jini, shan sa na dogon lokaci kuma yana ƙara haɗarin bugun zuciya. Ina da yaƙinin likitan Baba bai san yana shan sa ba. Mutane ba sa lissafa maganin ciwon jiki cikin magani, in an tambaye su me suke sha sai su ambaci na asibiti kawai. Wannan ƙwayar yana iya ajiye ta yau, ba sai ya jira ganin kowa ba. Ki kuma duba sauran abin da yake sha don mura ko ciwon jiki, domin da yawa haɗi ne da ke ɗauke da ibuprofen ko diclofenac a ƙarƙashin wani suna. A ƙananan rubutun bayan kwali ake ganewa.

Lamba 52 ɗin ba ta firgita ni ba. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an ga eGFR ya zauna ƙasa da 60 na aƙalla wata 3 kafin a ce ciwon ƙoda ne mai ɗorewa. Mai yiwuwa ma ya ɗan farfaɗo idan an cire diclofenac. Mutane da yawa suna rayuwa shekaru masu yawa da lamba irin wannan ba su taɓa kusantar injin wankin ƙoda ba, matuƙar an riƙe jini da suga. Abin da zai tura shi can da sauri shi ne 172/98 da aka bari haka nan.

Sai maganar garau yake jin kansa. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma wannan shi ne sharrin cutar. Hawan jini a mafi yawan lokuta ba ya ciwo. Ciwon kai da jiri da mutane ke jira su ji kafin su sha ƙwaya ba ma'auni ba ne, ana samun mai 200 a sama yana hira yana dariya. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, babba 1 cikin 3 yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Da yana sa ciwo ai da sun sani. Wani lokaci ma mutum ya fi jin ƙarfi idan jininsa yana sama, domin jiki ya saba da hakan, idan aka fara saukar da shi sai ya ɗan ji kasala na 'yan makonni kafin ya daidaita.

A da likitoci ma sun yi irin tunanin Baba. Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce da yawansu na ganin hawan jini wani abu ne da jikin tsoho ke buƙata, bai kamata a taɓa shi ba, kuma ko an so taɓawa babu magani mai sauƙin sha. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi shekaru jininsa yana hawa a gaban likitocinsa, ya rasu ranar 12 ga Afrilun 1945 yana da shekara 63, jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, lambar sama a ranar ta haura 300. Abin da ya kashe gardamar shi ne wani bincike da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka aka wallafa a 1967. Maza 143 masu hawan jini mai tsanani aka raba gida biyu, rabi aka ba su magani, rabi ƙwayar da babu komai a cikinta. Cikin waɗanda ba su samu magani ba, 27 suka gamu da mummunar matsala. Cikin waɗanda suka samu, 2 kacal. Bayan haka an yi gwaje-gwaje masu yawa a kan dubban ɗaruruwan mutane, kuma idan aka tattara su, sauke lambar sama da maki 10 yana rage shanyewar ɓarin jiki da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, haka ma gazawar zuciya.

Batun zama bawan magani kuma, ki tambaye shi ko mai sa tabarau ya zama bawan tabarau. In ya sa ya gani, in ya cire ya koma yadda idonsa yake, kuma ba wanda zai ce tabarau ne ya kawo masa raunin gani. Maganin hawan jini ba ya sa maye, ba ya sa jiki ya nemi ƙari. Yana riƙe jinin ne muddin ana sha, in an bari ya koma inda cutar ta ajiye shi. Wasu da suka rage ƙiba sosai suka rage gishiri ana iya rage musu ƙwayoyi, amma da awo ake yi a hankali. Akwai ma waɗanda barinsu farat ɗaya haɗari ne, irin su atenolol da clonidine. Sa'ar da aka yi babu su cikin na Baba.

Shawarar ƙanwarki, Allah ya saka mata da alheri kan niyyarta, amma kada ku yi. Baba mutum ne mai cikakken hankali, jikinsa ne, kuma bai ƙi magani don rashin tunani ba, ya ƙi ne bisa dalilan da biyu daga ciki ma daidai ne. In kuka mayar masa da lisinopril a ɓoye tarin zai dawo, zai gane, daga ranar kuma ko ruwa kuka miƙa masa sai ya duba. Ga haɗari na zahiri: ba ku san inda ƙodarsa da fotashiyam ɗinsa suke yau ba bayan wata uku, yana kuma ci gaba da diclofenac. Zai iya shan tasa ƙwayar wata rana bayan kun riga kun zuba masa, ya sha ninki biyu. Zai iya yin jiri ya faɗi bai san dalili ba, in an kai shi asibiti ya rantse ba ya shan komai, likita ya yi aiki da wannan bayanin. Wasu ƙwayoyin ma an ƙera su ne su narke a hankali cikin yini, in aka niƙa su sai duk ƙarfin ya fita lokaci guda. Saboda waɗannan dalilan ne ma ba na son ko da saninsa ya kwashi tsofaffin ƙwayoyin duka ya ci gaba da sha kafin a gwada jininsa.

Yadda za ki tunkare shi ya fi duk bayanan nan muhimmanci. Uba ba ya son 'yarsa ta zaunar da shi tana karanta masa laifinsa, balle a yi masa taron dangi. Kada ki fara da shanyewar ɓarin jiki, ya riga ya ji wannan har ya gaji. Ki fara da inda yake da gaskiya. Ki ce masa, "Baba, na tambaya, an ce tarin nan da gaske maganin ne ya kawo shi, kai ka fara ganewa. An ce akwai wani da ba ya sa tari, na kumburin ma ana iya rage shi. Mu je a canza maka." Wanda aka gaskata shi a kan abin da ya ji a jikinsa ya fi saurin sauraron sauran maganar. Sannan ki shigo da ƙodar ta ɓangaren da yake tsoro, tunda a fili yake yana son ƙodarsa: an ce na gwiwar ne ya fi cutar da ita. Na'urar awon ma ki bar ta a hannunsa, ya riƙa aunawa yana rubutawa da kansa. Lambar da mutum ya gani da idonsa kwana bakwai a jere ta fi wa'azin kowa tasiri.

Akwai wani dalilin da maza da yawa ke ajiye maganin hawan jini a kansa, wanda ba za su taɓa faɗa wa 'ya'yansu ba, wato raunin mazakuta. Ƙwayar fitsari irin wadda aka ba shi tana iya taimakawa wajen kawo shi, ciwon suga da hawan jinin kansu ma suna kawo shi. Ba naki ba ne ki tambaya. Abin da za ki yi kawai, in kun shiga wajen likita kin faɗi naki, ki ba su wuri na 'yan mintuna.

Awon gida yana da ƙa'ida, in ba haka ba lambar ba ta da amfani. A yi amfani da na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ta wuyan hannu ba ta cika daidai ba. Ya yi fitsari tukuna, ya zauna minti 5 ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Awo biyu da tazarar minti 1, safe da yamma, kwana 7. A gida, matsakaicin da ya kai 135/85 hawan jini ne. Ga mai suga da raunin ƙoda likitoci kan nemi a sauko ƙasa da 130/80 in jiki ya ɗauka. Amma kada ku jira kwana bakwan su cika kafin ku nemi ganin likita. 172/98 ba tare da wata alama ba ba abin gudu asibiti da tsakar dare ba ne, sai dai abu ne na cikin makon nan.

Ranar zuwa ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da wanda ya saya da kansa da duk wani haɗi da aka ba shi, ki ajiye a gaban likita. Ki faɗi gaskiya cewa wata uku bai sha ba, domin in likita ya ɗauka yana sha jinin ya ƙi sauka, ƙara masa ƙwayoyi zai yi. A nemi gwajin kiriyatinin da fotashiyam, da na furotin a fitsari wanda sau da yawa ake mantawa da shi alhali shi ke fara nuna taɓuwar ƙoda, da HbA1c mai nuna matsakaicin sugar wata 2 zuwa 3, wanda ga mafi yawan mutane ake so ya zauna wajen kashi 7 cikin 100. A duba yawan jininsa saboda shekarar da ya yi yana shan diclofenac. A duba bayan idonsa da tafin ƙafarsa in an kwana biyu ba a yi ba. Ki tambaya ko ya dace da maganin rage kitsen jini, da kuma ɗaya daga sababbin magungunan suga irin su dapagliflozin ko empagliflozin, waɗanda manyan gwaje-gwaje a 2020 da 2022 suka nuna suna jinkirta lalacewar ƙoda. Ki kuma tambaya ko akwai ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu, domin yawan ƙwayoyi shi kansa yana sa mutum ya gaji.

Gwiwar kada a manta da ita. In aka ƙwace masa diclofenac ba a ba shi komai ba, kwana uku zai koma. Paracetamol ba ya cutar da ƙoda irin haka, ana shan giram 1 a lokaci guda, kada a wuce giram 4 a yini, ƙasa da haka ga mai ciwon hanta ko marar jiki. Diclofenac na shafawa kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, likita zai iya amince masa da shi. Motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya yana rage ciwon gwiwa fiye da yadda mutane ke zato, haka rage nauyi, haka riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren. Allurar da ake yi a cikin gwiwa tana taimakawa na ɗan lokaci, amma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki. In kuma gwiwar takan tashi ne farat ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko babban ɗan yatsan ƙafa yakan yi haka, ki faɗa wa likita, domin hydrochlorothiazide yana tara sinadarin yurik da ke kawo irin wannan ciwon gaɓa, ka ga sai a canza shi ma.

Gishiri a rage, ƙasa da giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. Sai dai kada ya koma gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini ba da izinin likita ba, domin fotashiyam ne a cikinsa, ga raunin ƙoda ga kuma "sartan". Idan an mayar da shi kan magani, duk ranar da ya kamu da amai ko gudawa mai yawa har ba ya iya ci da sha, a dakatar da metformin da ƙwayar fitsari da "sartan" ɗin, a tuntuɓi likita, a ci gaba bayan kwana 1 zuwa 2 da komawarsa cin abinci yadda ya saba.

Kafin ranar ganin likitan, ga abin da ba a jira da shi ko na awa ɗaya. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna. Ciwon ƙirji mai danna mutum, numfashi ya yi wuya, ruɗewa, ciwon kai mai tsananin da bai taɓa ji ba. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini. Fitsari ya ragu ƙwarai. Ko awo ya kai 180/120 tare da ɗaya daga cikin waɗannan. In alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ki duba agogo ki riƙe lokacin da ta fara, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa 4 da rabi. Kada a ba shi aspirin, kada a ɗura masa ƙwayoyin hawan jini don a sauke shi da sauri, kada a ba shi abin sha, har sai an kai shi asibiti an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an ga ko toshewa ce ko fashewa.